Gaskiya Ne Tarbiyyar Iyaye Ba Ta Sauya Yaro? Amsa Kan Robert Plomin da Binciken Tagwaye

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina ƙarin karatu a fannin ilimi. A darasin halayyar yara sunan Robert Plomin ya yi ta fitowa, har malaminmu ya ce shi ne ya nuna cewa iyaye ba sa sauya abin da 'ya'yansu za su zama. Ina da tagwaye mata 'yan shekara bakwai, maganar ta tsaya mini a rai. Wane ne wannan mutum, me ya sa ake jin maganarsa haka, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne?

Amsa:

Malama, Allah ya raya tagwaye, ya shirya miki su. Malaminku bai ƙirƙiri maganar ba. Plomin ya rubuta ta a littafinsa Blueprint na 2018, inda ya ce iyaye suna da muhimmanci, amma ba su ne ke kawo bambanci tsakanin yara ba. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma da wuya shekara ta wuce ban ga uwa ko uba a aji da ransa ya sosu a wannan gaɓa ba. Ra'ayina shi ne aikin mutumin na gaske ne, ya cancanci matsayin da aka ba shi, amma wannan jumla tasa ta fi hujjarsa faɗi, kuma rauninta yana ƙaruwa idan aka ɗauko ta daga Ingila aka kawo ta ajin da kike koyarwa. Sai dai ba za ki ga inda ta gaza ba sai kin fara ganin inda ta samo ƙarfinta.

An haifi Plomin a Shikago ta Amurka a 1948. Ya yi digirin farko a Jami'ar DePaul, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Teksas da ke Austin a 1974, ya yi aiki a Jami'ar Kolorado sannan a ta jihar Pensilbeniya. A 1994 ya koma Landan, Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa da yanzu ke ƙarƙashin King's College, inda shi da Michael Rutter, babban likitan ƙwaƙwalwar yara na Birtaniya, suka kafa cibiyar da ke haɗa nazarin gado da na rayuwar zamantakewa. Ki riƙe sunan Rutter, zai dawo.

Lokacin da Plomin ya shigo fagen, yawancin masu nazarin yara hanya ɗaya suke bi. Za su auna gida, su auna yaro, su ga alaƙa, su yanke hukunci. Gidan da ake karanta wa yara littafi, yaran sun fi iya karatu, sai a ce littafin ne. Uba mai zafin hannu, ɗa mai faɗa a makaranta, sai a ce dukan ne. Plomin ya tsaya a kan wani abu mai sauƙi da aka yi ta tsallakewa: uwar da ta miƙa wa yaro littafi ita ce kuma ta ba shi rabin ƙwayoyin halittarsa. Mu ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma karin maganar bai gaya mana ko ɗan barewa koyon gudu ya yi a wajen uwarsa ko da shi aka haife shi ba. A cikin gida na yau da kullum jini da reno a cakuɗe suke, ba yadda za a raba su da kallo kawai. Dole a nemi yanayin da rayuwa da kanta ta raba su.

Yanayi na farko shi ne yaran da wasu suka haifa, wasu suka rena. A 1975 shi da John DeFries suka fara Binciken Yaran Riƙo na Kolorado, da iyalai 245 da suka karɓi jarirai riƙo, da wasu 245 masu renon 'ya'yan cikinsu don kwatance. Sun gwada iyayen da suka haifa, sun gwada mariƙa, sannan suka bi yaran shekara bayan shekara. Sakamakon da suka fitar a 1997 ya girgiza mutane da yawa. A ƙuruciya yaran riƙo suna ɗan kama da mariƙansu a gwajin kaifin basira. Da suka kai shekara 16 wannan kama ta kusan ɓacewa, suka koma kama da iyayen da suka haife su, waɗanda ba su zauna da su ba, kusan daidai da yadda 'ya'yan ciki ke kama da iyayen da suka rene su. Kada ki kwatanta wannan da riƙonmu. Mu yawanci goggo ko kaka ko kawu ake ba yaro, jini ɗaya ne, kuma yaron ya san gidan ubansa. A Kolorado baƙi ne ke karɓar jariri tun yana ɗan makonni, shi ya sa rabuwar jini da reno ta fito fili.

Yanayi na biyu shi ne irin naki. Tagwaye iri biyu ne: 'yan ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, waɗanda ƙwayoyin halittarsu kusan ɗaya ne sak, da 'yan ƙwai biyu, waɗanda a jini ba su wuce wa da ƙani ba, suna tarayya a kimanin rabin abin da mutane ke bambanta a kai. Dukansu ciki ɗaya suka kwanta, gida ɗaya suka tashi. Idan 'yan ƙwai ɗaya sun fi 'yan ƙwai biyu kama da juna a wani hali, ƙarin kamar daga gado ta zo. Lissafin ma ba wuya. A ɗauka, don misali kawai, kamar 'yan ƙwai ɗaya a wata jarrabawa ta kai 80 cikin 100, ta 'yan ƙwai biyu 50. Tazarar 30 ce, a ninka ta biyu, 60. Wannan shi ne kason gado. Ragowar 20 da ya cike kamar 'yan ƙwai ɗaya zuwa 80 shi ne abin da gida ɗaya ya ba su tare. Sauran 20 kuma, wanda ya hana ko 'yan ƙwai ɗaya zama mutum ɗaya, shi ne abin da kowa ya gamu da shi shi kaɗai, haɗe da kuskuren awo.

Plomin bai ƙirƙiro wannan hanya ba, tun 1875 Francis Galton ya yi rubutu kan tagwaye. Abin da ya yi shi ne ya girmama ta. Da zuwansa Landan ya kafa binciken da ake kira TEDS, wanda ya bi tagwayen da aka haifa a Ingila da Wales daga 1994 zuwa 1996, sama da tagwaye 10,000, tun suna jarirai har suka zama manya. Daga nan ne aka samo alƙaluman da wataƙila kika gani a takardunku. A 2013 suka ruwaito cewa a jarrabawar GCSE, wadda 'yan shekara 16 ke yi a can, kimanin kashi 58 cikin 100 na bambancin maki a manyan darussa yana da alaƙa da bambancin gado. A 2010 wani nazari da ya haɗa tagwaye 11,000 daga ƙasashe huɗu ya nuna kason gado a kaifin basira yana hawa da shekaru: kashi 41 a shekara 9, kashi 55 a shekara 12, kashi 66 a shekara 17. Ba shi kaɗai ya samu irin wannan ba. A 2015 Tinca Polderman da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarcen tagwaye 2,748 na shekara hamsin, suka samu matsakaicin kason gado na kashi 49 a duk halayen da aka auna. A fagen da sakamako da yawa suka rushe da aka sake gwada su, wannan ya tsaya.

Amma a ganina babban abin da ya bar wa ilimin halayyar yara ya shafi muhalli ne fiye da gado. A 1987 shi da Denise Daniels suka buga wata maƙala da takenta tambaya ce: me ya sa yaran gida ɗaya suke bambanta da juna haka? Kowace uwa ta san wannan. Ciki ɗaya, nono ɗaya, tukunya ɗaya, amma wannan mai haƙuri, wancan kamar wuta. Abin da suka nuna shi ne, a halayen ɗabi'a musamman, kason da ba na gado ba yawancinsa ba abin da gida ke ba yara tare ba ne. Yaran riƙo biyu da ba su haɗa jini ba, da suka tashi ɗaki ɗaya, idan sun girma da kyar suke kama da juna a ɗabi'a fiye da baƙi biyu. Muhalli yana aiki sosai, amma aikinsa ya fi karkata ga bambanta 'yan gida ɗaya. Wannan ya tilasta wa masu bincike su daina ɗaukar yaro ɗaya daga kowane gida suna cewa sun auna tasirin gidan. Judith Rich Harris ta ɗora a kan wannan a littafinta na 1998, ta ce abokai ne ke da babban tasirin, abin da mu muka daɗe muna faɗa da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai da aka shiga neman ainihin abubuwan da ke bambanta 'yan uwa, irin su fifikon iyaye, abokai, rashin lafiya da malamai, Eric Turkheimer da Mary Waldron suka nuna a 2000 cewa kowannensu ɗan kaɗan yake bayyanawa. Plomin da kansa ya amince cewa mai yiwuwa yawancinsa ƙananan abubuwa ne na rayuwa da ba su da tsari, waɗanda ba a iya kamawa da ma'auni.

Abu na biyu da ya bari ya fi amfani gare ki a matsayin malama. Tun 1977 shi da DeFries da John Loehlin suka bayyana cewa gado da muhalli ba baƙin juna ba ne, suna tafiya tare ta hanya uku. Iyaye masu son karatu suna ba yaro jinin da kuma gidan da ke cike da littafi. Yaro kuma yana jawo irin mu'amalar da ake yi masa: jariri mai yawan murmushi an fi ɗaukarsa, ɗalibar da ke yawan tambaya malami ya fi tsayawa a kanta. In ya girma kuma shi ke zaɓar inda zai zauna, wannan ya nufi majalisar masu ƙwallo, wancan ya nufi gaban malamin hadda. A 1991 shi da Cindy Bergeman suka nuna cewa ko abubuwan da ake aunawa da sunan muhalli, kamar yadda iyaye ke mu'amala da yaro, suna ɗauke da kason gado, domin yaron yana da hannu a samar da su. Har yawan kallon talabijin na ƙananan yara sun samu haka. Wannan ne bayanin da ya fi gamsar da ni kan hawan kason gado da shekaru. Ɗan bambanci na farko yana jan yaro zuwa wani wuri, wurin ya ƙara bambancin, haka har tazara ta yi faɗi. Ki lura da abin da wannan ke nufi: lissafin tagwaye yana zuba duk wannan a buhun gado, alhali ta hannun malamai da iyaye da littattafai abin ya bi. Inda babu littafin da yaron zai zaɓa, zaɓin bai taso ba.

Shi da Yulia Kovas kuma sun kawo hujja a 2005 cewa yawancin matsalolin koyo, na karatu ko na lissafi, ba wata cuta ce daban ba. Ƙarshen layi ɗaya ne da kowa ke kai, kuma ƙwayoyin da ke taɓa karatu su ne galibi ke taɓa lissafi. Yaron da ke can baya a ajinki ba wani jinsi ne daban ba.

Kin tambayi dalilin da ya sa ake jin maganarsa. Ban da waɗannan, littafin koyarwa da ya rubuta da DeFries da Gerald McClearn, wanda ya fara fita a 1980, an yi ta sabunta shi, kuma da shi aka horar da ɗalibai masu yawa a fagen. Masana irin su Thalia Eley, wadda ta gaje shi a shugabancin TEDS, da Essi Viding, mai nazarin yara masu ƙarancin tausayi, sun yi aiki da shi da bayanan da ya tara. Wani nazari na 2002 ya sa shi na 71 cikin manyan masana halayyar ɗan Adam 100 na ƙarni na 20. Maganarsa ta kai har fadar gwamnati: a 2013 Dominic Cummings, mai ba sakataren ilimin Ingila Michael Gove shawara, ya kafa hujja da aikinsa a wata doguwar takarda, aka yi ta cece-kuce.

Akwai wani abu da nake girmama shi a kai, kuma nakan gaya wa ɗalibaina. A 1998 tawagarsa ta sanar cewa ta gano wata ƙwayar halitta mai suna IGF2R da ke da alaƙa da kaifin basira. Jaridu suka ɗauka. Da suka sake gwadawa da wasu yara, alaƙar ba ta fito ba, kuma a 2002 su da kansu suka buga cewa ba ta fito ba. Ba kowane mai suna ke yin haka ba.

Wannan faɗuwa ta koya wa fagen darasi. Mu nan mun saba da sikila, inda ƙwaya ɗaya ke yanke hukunci, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure a ce AA ko AS ko SS. Basira da ɗabi'a ba haka suke ba. Babu ƙwayar ƙoƙari, babu ƙwayar taurin kai. Dubban ƙananan bambance-bambance ne a cikin DNA, kowanne tasirinsa bai kai ƙwayar gero a buhu ba. A 2018 wani bincike na mutum miliyan 1.1 ya gano wurare 1,271 masu alaƙa da yawan shekarun karatu, a 2022 da mutum miliyan 3 aka kai 3,952. Idan aka tara su aka ba mutum maki ɗaya, makin yana bayyana kashi 12 zuwa 16 na bambancin shekarun karatu. Plomin ya ɗauki wannan maki da zafi, har ya kira shi mai duba na gaskiya a littafinsa. A nan na fara rabuwa da shi.

Kason gado ba sifar mutum ɗaya ba ne. Idan an ce kashi 58, ba ana nufin kashi 58 na makin 'yarki daga jini ya zo ba. Ana nufin a cikin waɗannan yara, a wannan ƙasa, a wannan lokaci, wannan kaso na bambancin da ke tsakaninsu yana bin bambancin gado. Ki ɗauki irin gero gauraye ki shuka a gona mai taki da ruwa daidai ko'ina. Duk bambancin tsawon da kika gani daga iri ne, domin ƙasar ɗaya ce. Ki ɗebi irin nan dai ki shuka rabi a fadama, rabi a kan tsandauri. Yanzu babban bambancin daga ƙasa ne. Irin bai sauya ba, lissafin ne ya sauya. Yaran TEDS sun tashi a ƙasar da makaranta dole ce kuma kyauta, manhaja ɗaya, asibiti kyauta, yunwa mai tsanani ba ta zama ruwan dare ba. Inda aka daidaita ƙasa, dole iri ya fito fili. Plomin ma ya faɗi haka, yana cewa hawan kason gado alama ce ta daidaiton dama, kuma bincikensa yana bayyana abin da yake akwai ne, bai ce ga abin da zai iya kasancewa ba. Matsalar ita ce wannan sharaɗi yana cikin littafin, jumlar iyaye kuwa ita ta zaga duniya.

An gwada wannan a aikace. A 2003 Turkheimer ya duba tagwaye 'yan shekara bakwai a Amurka, sa'annin naki, ya samu cewa a gidaje masu hali kason gado a kaifin basira ya kai kusan kashi 70, a gidajen matalauta kuwa ya kusan zama sifili, gida ne ke ɗauke da kaso mafi girma. A 2016 Elliot Tucker-Drob da Timothy Bates suka tattara nazarce-nazarce, suka ga wannan yana fitowa a Amurka amma ba ya fitowa a Yammacin Turai da Ostareliya, inda tallafin lafiya da ilimi ya fi kaiwa ga talaka. To, ki auna da ajin da yara suka cika har wasu na zaune a ƙasa, wani ya zo bai karya ba, wata ta yi mako biyu tana zazzaɓin cizon sauro, wata sai ta gama talla take zuwa. Ki tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Babu lissafin tagwayen Landan da ya shafi waɗannan yara.

Ko a Amurka da Turai, gidajen da ke cikin binciken riƙo zaɓaɓɓu ne, hukuma ta tantance su, ba a ba mashayi ko wanda ba ya iya ciyarwa. Idan duk gidajen masu kyau ne, ba mamaki bambancinsu bai yi tasiri ba. Inda tazarar ta yi faɗi, tasirin ya bayyana. A Faransa, Michel Duyme da abokansa sun ruwaito a 1999 kan yaran da aka karɓa riƙo suna shekara 4 zuwa 6 da ƙarancin maki a gwajin basira: waɗanda suka shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi sun ƙaru da kimanin maki 8, waɗanda suka shiga gidajen masu hali kusan maki 20. A Suwidin, a 2015, an kwatanta 'yan uwa maza na jini inda aka ba da ɗaya riƙo ɗaya ya zauna gida, na riƙon ya fi da kimanin maki 4. Sai kuma Rutter, abokin aikin Plomin. Bayan faɗuwar shugaban Romaniya Ceaușescu a 1989 aka ga halin da yara ke ciki a gidajen marayun Romaniya, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Rutter ya bi yaran Romaniya 165 da iyalan Birtaniya suka karɓa, yawancinsu daga waɗannan gidaje. Waɗanda aka fitar kafin su kai wata shida da haihuwa sun kamo sa'anninsu. Da yawa daga waɗanda suka daɗe sun ci gaba da fama da matsalar natsuwa da ta shaƙuwa da mutane har girmansu. Cibiya ɗaya ta fitar da wannan da TEDS, kuma ba sa karo da juna. Ɗaya yana magana kan bambancin gida mai kyau da wani gida mai kyau, ɗaya kan bambancin samun reno da rashinsa.

Kuma abin da aka gada ba ya nufin abin da ba ya gyaruwa. Raunin gani yana bin jini sosai, tabarau na gyara shi a rana ɗaya. Cutar PKU ta gado ce zalla, tana lalata ƙwaƙwalwar jariri, amma idan an gano ta da wuri aka kiyaye abincinsa sai ya tashi lafiya. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka riƙa kai wa gidajensu ziyara mako-mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara ashirin, waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25. Uwa ce aka koya wa, uwar ce ta kawo bambancin. Makaranta ma haka: nazarin Stuart Ritchie da Tucker-Drob na 2018, kan mutum sama da 600,000, ya nuna kowace ƙarin shekara a makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5 a gwajin basira.

Makin DNA ɗin da Plomin ke alfahari da shi yana da nasa ramuka. An gina shi kusan gaba ɗaya daga mutanen asalin Turai, kuma ƙarfin hasashensa yana faɗuwa ƙwarai idan aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka, nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin halitta. Sannan a 2018 Augustine Kong da tawagarsa a Aisland suka gano cewa ko ƙwayoyin iyaye da yaro bai gada ba suna hasashen karatunsa, da ƙarfin kusan kashi 30 na waɗanda ya gada. Ƙwayar da ba ta shiga jikin yaro ba ta wace hanya za ta taɓa shi, in ba ta hanyar gidan da iyayen suka gina ba? Tawagar Plomin ma ta buga a 2019 cewa makin ya fi rauni idan aka kwatanta 'yan uwa a cikin gida ɗaya.

Akwai kuma abin da ma'aunan ba su taɓa ba. Kalmar tarbiyya a bakinmu ta ƙunshi salla, gaisuwa, kunya, girmama na gaba, harshen da yaro zai yi mafarki da shi. Binciken tagwaye da kansa ya nuna cewa addinin da mutum ke bi daga gida yake samo shi. Abin da aka fi aunawa shi ne maki, da irin su yawan surutu, saurin damuwa, son sabon abu. A waɗannan na yarda hali zanen dutse ne fiye da yadda iyaye ke so su ji. Amma yaro mai zafin rai da aka koya wa riƙe harshe a gaban manya, zafin yana nan, rayuwarsa kuwa ta bambanta.

Dole in ja kunne a kan abu ɗaya, domin fagen yana da tarihi mai ɗaci. Galton ɗin da ya fara nazarin tagwaye shi ne ya raɗa wa aƙidar tace jinsi suna a 1883, aƙidar da aka yi amfani da ita aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfi a Amurka da Turai. Plomin na cikin masana 52 da suka sa hannu a wata sanarwa kan basira a jaridar Wall Street Journal a 1994, lokacin da ake rikicin launin fata da gwajin basira, kuma masanin tarihin kimiyya Nathaniel Comfort ya soki Blueprint a mujallar Nature da cewa ya dawo da aƙidar jini ke yanke komai. Kason gado a cikin al'umma ɗaya ba ya cewa komai kan bambancin al'umma da al'umma, misalin fadama da tsandauri ya isa hujja. Mu ma muna da namu nau'in wannan magana. Na sha jin ana cewa 'yan gidan wane ba sa karatu, a jininsu yake, ko a raina yaro saboda sana'ar kakanninsa. Ina roƙonki kada sunan Plomin ya zama sabuwar riga ga wannan tsohuwar magana a ɗakin malamai. Bincikensa ma akasin haka ya nuna, domin 'yan uwa na jini suna bambanta ƙwarai, sanin wa ba ya ba ki sanin ƙani.

Game da 'yan biyunki, abin da zan ɗauka daga Plomin shi ne sauƙin da yake kawo wa zuciyar uwa. Idan ɗaya ta fi ɗaya saurin haddace ko saurin kuka alhali kin yi musu komai daidai, ba lallai wani kuskure kika yi ba. In 'yan ƙwai biyu ne, bambancinsu na iya kai na kowace ya da ƙanwa. In 'yan ƙwai ɗaya ne, za ki ga suna ƙara kama a wasu abubuwa yayin da suke girma, amma ba za su zama mutum ɗaya ba. Ki kula da hanyar nan ta biyu da na ambata, wadda yaro ke jawo mu'amala, domin a tagwaye tana da sauri: da zarar gida ya ce wannan ce mai ƙwaƙwalwa, waccan ce mai aiki, sai a riƙa miƙa wa ɗaya littafi ɗaya tsintsiya, ɗan bambancin wata shida ya zama na shekara goma. Idan ɗaya ta ja baya a karatu a wannan shekarun, kafin kowa ya ce halitta ce, a duba idonta da kunnenta, a duba jininta, a tambayi inda take zama a aji, sannan ki ware mata minti goma sha biyar kullum ita kaɗai, ba tare da 'yar uwarta tana amsa mata tambaya ba.